Zanin da Aka Ɗinke a Jikina

Sabuwar atamfa tana da wani ƙamshi nata idan dutsen guga ya hau ta, kamar sitaci ya soma ƙonewa. Mutane da yawa Sallah suke tunawa idan sun ji shi. Ni kuwa wata rana dabam yake tuna mini. Shekaranjiya na shiga shagon wani tela ɗan Nijar a unguwar Waziriyya ta nan Jidda don in karɓi rigar maigidana da aka rage wa hannu, na tarar yana goge wata atamfa mai ruwan ganye. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yarinyar da aka kira ofis, ni da furfura ta fara leƙo mini. Sai da ya maimaita sallama sau biyu kafin na amsa.

A unguwar Hindawiyya na tashi, a wani tsohon gida mai ɗaki uku da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Idan ka san Jidda a ƙarshen shekarar karatu, to ka san zafin da nake nufi. Iskar teku takan shigo da damshi, ka yi wanka ka fito ka rasa ko ruwa ne a jikinka ko gumi. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya gare mu, a ɗakin Baba, tana ɗiga cikin wani gwangwanin madara dare da rana. Ni a ɗakin Kaka nake kwana, wato mahaifiyar Babana, mu da fanka mai ƙara da akwatinta na ƙarfe wanda ba ta yarda kowa ya zauna a kai.

Kaka tun tana amarya ta baro gida, ƙasar Hausa, tare da mijinta, suka yi shekaru a hanya kafin su iso, suka sauke farali, suka zauna. Larabcinta bai wuce na ciniki ba, Hausata kuma a lokacin ta fi kama da faci. Duk da haka ba mu taɓa rasa abin yi wa juna tsiya ba. Takan ce harshena ya karye a tsakiya, ni kuma in ce nata bai taɓa tsayawa ba. Tana soya gyaɗa da aya, ta ƙulla a leda, ta zauna da farantinta a jikin katangar makarantarmu lokacin tashi. Zan faɗi gaskiya tunda ba ta nan balle ta ji. Shekara uku ina fitowa daga ƙofar nan in kawar da kai in wuce, sai mun sha kwana nake tsayawa in karɓar mata farantin. Ta sani sarai, ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Ina da shekara goma sha biyar, muna gab da gama makaranta matsakaiciya, aka ce za a yi mana hafla, wato bikin kammalawa. Da hantsi za a yi ta, a farfajiyar makaranta mai rufi, mata zalla, ko direban bas ba ya wuce ƙofar waje. Rana ɗaya ce tak da za mu ajiye rigar makaranta mu sa kayan gida. Malamar da ke kula da tarbiyya, wadda muke kira Abla kamar sauran malamai amma muke tsoro fiye da su duka, ta raba mana takarda. Riga ta kai idon sahu. Kada ta kama jiki. Kada ta zama shara-shara. Kada kafaɗa ta fito, kada a ga tsaga a ƙafa. Ba a shiga da wayar hannu mai kyamara. Wadda ta saɓa za a kira waliyyinta ya zo ya sa hannu a takardar alkawari.

Wannan layin na ƙarshe shi ne ya hana ni sakat. A shekarar ne wayoyi masu kyamara suka cika gari. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu, ta girme ni da shekara biyu, wadda aka ɗauka hoto a wurin biki ba ta sani ba, kanta a buɗe tana dariya. Babu abin da ta yi bayan dariyar. Hoton ya bi wayoyin samarin unguwa daga wannan zuwa wannan, har ya faɗa hannun wanta. Daga ranar ba ta ƙara zuwa makaranta ba. Nakan hango ta wani lokaci tana shanya a saman bene, ta ɗaga mini hannu a hankali.

Baba gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a ƙarƙashin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Mutum ne mai tsoron takarda kowace iri, ko ta wuta aka kawo sai ya juya ta gaba da baya. Da na karanta masa ta makaranta bayan sallar la'asar, ya ajiye kofin shayinsa.

Ya fara da Larabci, ya ce, "Isma'i, ki ji da kyau. Mu baƙi ne, iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, a aljihun wani take. Abin da 'yar gari za ta yi a ce ƙuruciya, ke in kin yi sunanki ya tafi. A kira ni makarantar nan sau ɗaya a kan shigarki, halas, sanawi ba da ke ba."

Sanawi ita ce makarantar gaba, kuma ita nake mafarki tun ina aji ɗaya. Babu mace a gidanmu da ta taɓa shiga. Ummi, mahaifiyata, tana jego a lokacin, tana ɗaki da jariri. Sai Kaka ta ajiye tsintsiya ta ce a bar mata maganar kaya, ita za ta ɗinka, ta ga malamar da za ta koya mata suturta 'ya mace.

Ni dai abin da raina yake so doguwar riga ce ta kanti, irin wadda 'yan ajinmu suke ta kwatanta wa juna, mai hannu har wuyan hannu da duwatsu a ƙirji. Ban isa in faɗa ba. Kaka ta buɗe akwatin ƙarfen nan, ta ciro turmin atamfa mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, wanda wata 'yar'uwarta ta kawo mata tsaraba lokacin da ta zo aikin Hajji. Shekaru yana kwance ba ta taɓa shi ba. Ta sa na sake fassara mata takardar layi-layi, tana gyaɗa kai tana taɓe baki.

"Tsaga kuma? Wa zai tsaga zani? Ɗaura shi ake yi."

Ba ta awo da igiyar tela. Da hannu take aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sannan ta ƙara. A shekarar jikina ya soma canzawa, kuma na lura idonta yana bina a tsakar gida, ba ta cewa komai sai dai ta ja mini ɗankwali ya sauko ƙirji. A wurin Kaka sutura ita ce yalwa. Kaya idan sun yi faɗi, yadi ya yi yawa, ba a gane inda jiki ya fara da inda ya ƙare, to an suturtu. Don haka ta ƙara mini faɗi a jiki, ta ƙara a hannu, ta kuma buɗa wuyan yadda matan gida suke yi, yadda nata rigunan suke duka. Kwana uku keken hannunta yana ƙara a ɗakinmu, ni ina riƙe mata bakin yadi, gumi yana bin bayana.

Ranar gwaji ta tsayar da ni a gaban Baba. Na tsaya ƙyam, hannuwa a gefe, gyale a kafaɗa. Babu abin da ake gani sai fuskata da yatsun ƙafata. Baba ya ce madalla, ya koma kan shayinsa. Ni kaɗai na san cewa da na sunkuya ɗaukar takalmi wuyan rigar ya zame ta hagu. Na ja shi da sauri. Na so in yi magana, na kalli idon Kaka da ya yi ja saboda zura zare, na haɗiye. Na ce a raina zan riƙa kula, ba zan yi rawa ba, zan zauna wuri ɗaya.

Abin da ba mu sani ba, daga ni har ita, shi ne yadda ake dubawar. Da safen hafla muka tarar an kafa tebur a bayan ƙofar ciki. Kowace yarinya sai ta cire abaya da mayafi ta miƙa, a laluba jakarta a nemi waya. Daga nan Abla ta ce ta yi taku biyar zuwa bango ta dawo, ta ɗaga hannuwa sama, ta sunkuya kamar za ta ɗauki alƙalami. Ina cikin layi ina kallo. 'Yan gabana suna wucewa da rigunan kanti, wasu ma sun kama su fiye da yadda takarda ta yarda, amma kafaɗa a rufe, ƙasa a ɗinke. Na fara karanta duk addu'ar da na iya.

Da na cire abaya sai layin ya yi tsit, sannan aka soma ƙus-ƙus a bayana. Ni kaɗai ce da atamfa a makarantar nan gaba ɗaya. Abla ta miƙo hannu ta karɓi gyalen, ta ce ba a shiga da mayafi, don ana ɓoye abu a ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Yalla, taka."

Taku na biyu bakin zanin ya buɗe, ƙwaurina ya fito har kusa da gwiwa, kamar yadda zani yake yi wa kowace mace tun da aka fara ɗaura shi. Na ɗaga hannu, na sauke, wuyan rigar ya sulale ya bar kafaɗata a waje. Wata a layi ta yi dariya ta toshe baki. Abla ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in koma gefe, ta jawo takarda, ta tambaye ni lambar wurin aikin Baba.

Har yau ina jin sanyin tayil ɗin nan a tafin ƙafata, don takalmin ma ya fita ban sani ba. Ban yi kuka ba da farko. Saman benen maƙwabtanmu kawai nake gani, da igiyar shanya. Na ce mata da Larabci, don Allah, Abla, kada a kira shi, zan koma gida, na haƙura da haflar. Ta ce ko na koma sai an kira, doka ce, ita ma akwai wadda take tambayarta.

Akwai wata dattijuwa 'yar Chadi da ke share makarantar, tana jin Hausa. Ban taɓa gaishe ta da Hausa ba, don kada a ji. Ita ce ta jingine abin gogenta, ta fita. Can sai ga ta ta dawo da Kaka, da farantin gyaɗa a hannu, abayarta duk ƙurar bakin titi. Yaran da suka shekara uku suna sayen gyaɗa a wurinta suka bi ta da kallo, suka dawo da idon kaina. Ta zo ta tsaya a gefena, ta ajiye farantin a kan teburin Abla, a kan takardun.

Ta ce da mai sharar, "Tambayar mini ita, me yarinyar ta yi?"

Mai sharar ta fassara. Abla ta nuna kafaɗata, ta nuna ƙafata, ta yi bayani a natse. Ta ce wannan shigar ba sutura ba ce, tana bayyana jiki, irinta ce ke jawo wa yara fitina. Na ga mai sharar ta yi jim, tana neman yadda za ta sassauta maganar, amma Kaka ta riga ta tsinci abin da ta tsinta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta yi faɗa ba, ita da take iya tara unguwa a kan canjin gyaɗa. Ta sa hannu cikin abayarta ta taɓa nata wuyan rigar, wanda ɗinkinsa ɗaya da nawa.

Sai ta ce, "Gaya mata ni na ɗinka. Yarinya ba ta zaɓa ba. Uban da take nema ni na haife shi, in hannu za a sa ga nawa."

Aka yi ta kai da komo. Abla ta shiga ofishin shugabar makaranta ta fito. A ƙarshe aka yarda Kaka ta dangwala yatsa, takardar ta zauna a makaranta ba a aika gida ba, da sharaɗin a gyara kayan yanzu ko in zauna cikin abaya a ofis har a tashi. Kaka ta dangwala babban yatsanta a tawada ta manna a ƙasan rubutun da ba ta iya karantawa. Ta goge yatsan a gefen zaninta.

A ɗan ɗakin da mai shara take ajiye bokitai aka yi aikin. Kaka ba ta rabuwa da allura, kullum akwai ɗaya soke a ɗankwalinta da baƙin zare a naɗe. Ta durƙusa a gabana, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta kama bakin zanin ta ɗinke shi tun daga ƙugu har idon sahu, ina tsaye a ciki. Ta miƙe da kyar, ta tattare wuyan rigar ta baya, ta ɗinke shi har ya shaƙe ni. Baƙin zare a kan atamfa mai ruwan ganye, ana hango shi daga nesa. Sau biyu allurar tana samuna, ban motsa ba. A nan ne kukan ya zo mini.

Ta ce, "Share fuskarki. Je ki karɓo takardarki, kada ki sha ruwa da yawa, ba dama ki shiga banɗaki."

Haka na yi haflar. Ina tafiya taku ƙanana kamar an ɗaure mini ƙafa, na kasa hawa matakalar dandamali sai da wata malama ta miƙo mini takardar shaidata daga sama. Aka yi waƙe-waƙe, aka yanka kek, ban ɗanɗana ba. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai in ɗauka Baba ne. Da aka tashi na fito, na tarar da Kaka a wurinta na kullum a jikin katanga. Ban jira shan kwana ba ranar, na ɗauki farantin a nan gaban kowa. Ba jarumta ba ce, babu sauran abin ɓoyewa ne.

Muna tafe a hankali saboda zanin, rana tana dukanmu. Sai da muka kusa gida ta yi magana, ba ma ni take kallo ba.

"Da irin wannan rigar na yi ɗawafina na farko. Ba wanda ya ce mini tsirara nake."

Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. A soro ta tsayar da ni ta farke zaren da haƙori, ta tsince shi tas, don kada Baba ya gani ya yi tambaya. Duk hutun nan ban yi barcin kirki ba. Ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi sai in leƙa, ina jiran takarda ta biyo mu. Ba ta zo ba. Na shiga sanawi, na gama, na yi abin da ya sawwaƙa bayanta, yau ina aiki a wani ɗakin shan magani na mata. Baba ya rasu bai san da wane yatsa aka saya mini wannan ba.

Bayan rasuwar Kaka, da muka buɗe akwatin za a raba kayanta sadaka, Ummi ta ɗaga riga ɗaya ta ce ikon Allah, me ya sa tsohuwar nan ta ɓata ɗinkinta haka. Ta ɗaga ta biyu, ta uku. Duk rigunanta, har waɗanda ba ta fita da su ko ƙofar gida, ta tattare musu wuya ta baya da baƙin zare. Matan suka yi ta mamaki. Na tashi na fita tsakar gida.

Na daɗe ina jin haushin Abla, yanzu ya ragu. Ita tana tsoron shugabarta, shugabar tana tsoron hoto ya fita daga makarantarta, Baba yana tsoron bakin unguwa, Kaka tana tsoron jikina da yake girma. Dukansu tsoron wasu samari suke yi waɗanda ko ƙofar makarantar ba su zo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban taɓa jin an raba wa samarin nan takarda ba, ko an kira uban wani ya sa hannu a kan abin da ɗansa ya ajiye a waya. Mu aka sa muka yi taku biyar.

Jidda ta canza, ka sani. Mata suna tuƙi, abaya ta zama launi-launi, wasu ma a buɗe suke barinta. Na ɗauka tsoron zai tafi tare da wancan zamanin, ashe wuri kawai ya sake. 'Yata ta fari tana gama sanawi bana, haflarsu a wani zaure za a yi, kuma dokokin shiga sun iso mini ta waya, kusan layi ɗaya da namu. Sai dai yanzu babu tebur ɗin da zai iya tare kyamara, kowace yarinya da tata, hoto kuma ba unguwa yake zagawa ba, duniya yake shiga. Tun da saƙon ya zo nake farkawa da shi a raina.

Jiya ta sa rigar da muka saya ta fito falo tana juyi. Ta cika kowace doka, na duba da kaina sau biyu. Ta yi kyau har na ji tsoro. Na matsa kusa, na kama wuyan rigar na ɗan ja shi sama, na sake ja. Murmushinta ya ɗauke. Ta dube ni, ta yi magana da Hausarta da ta fi tawa karyewa.

"Ummi, esh fi, me ya faru? Akwai abu mara kyau a jikina ne?"

Na san amsar. Ita ce amsar da ba wanda ya ba ni a ɗakin bokitan nan, ba wanda ya ba Kaka har ta koma ga Allah. Na ce mata babu, babu komai a jikinki sai alheri, kuma da gaske nake. Ta ce to in sake ta mana. Sai a lokacin na ga hannuna yana nan damƙe da wuyan rigar.